YADDA ƘWARI KE KARE KANSU DAGA CUTA, DA AMFANIN SANIN HAKA GA MANOMAN ƘASAR MAKODA

A ƙasar Makoda, maƙwabciyar Ɗambatta, gona tana manne da gona, jama'a kuwa sun yi yawa, har ba a cika barin saura ba. Saboda haka in fara ko tsutsa ta faɗa wa geron mutum ɗaya, ba a jimawa sai ta game unguwa. Hakimai da malamansu su ne kan fara jin kukan talakawa, su ne kuma kan kai rahoto. Don haka ya kyautu su san cewa ƙwari ma suna ciwo kamar mutane da dabbobi, suna kuma da hanyoyin kare kansu. Wanda ya fahimci waɗannan hanyoyi zai gane dalilin da ya sa wani magani ke jinkiri, da dalilin da ya sa ba kowane ƙwaro ne ya kamata a kashe ba.

GARKUWA TA FARKO

Jikin ƙwaro yana lulluɓe da ɓawo mai ƙarfi, bisansa kuma akwai wani maiƙo kamar kakin zuma. Wannan ɓawo shi ne ganuwarsa. Yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya ratsa shi, sai dai su shiga ta baki tare da abinci, ko ta wurin rauni. Amma akwai wata irin funfuna da ke iya huda shi. Ƙurarta takan manne a jikin ƙwaro, ta tsira, ta nutsa saiwarta ciki. A shekarar 1879 wani masani na ƙasar Rasha, Ilya Mechnikov, ya binciki irin wannan funfuna a jikin ƙwarin da ke cin alkama, ya kuma ba da shawara a riƙa yaƙar ƙwari da ita.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JINI

Jinin ƙwaro ba ja ba ne, ruwa ne fatsi-fatsi ko tsanwa-tsanwa wanda ya cika cikinsa. A ciki akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, aikinsu kamar na dogarai. In ƙwayar cuta ƙarama ce, sai su haɗiye ta. In kuwa abin ya fi ƙarfin haɗiya, kamar ƙwan wani ƙwaro da aka saka masa a ciki, sai su taru su kewaye shi, su yi masa rufi bisa rufi, sa'an nan su shafe shi da wani baƙin sinadari mai dafi har ya mutu. Wannan baƙin ne akan gani a wurin da ƙwaro ya ji rauni.

Ban da haka, ƙwaro yana haɗa maganinsa da kansa. A 1981 Hans Boman na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka bayyana wani sinadari da suka samu cikin jinin wata irin tsutsar siliki, wanda ke fasa ƙwayoyin cuta. A 1996 kuma Jules Hoffmann da mutanensa a Faransa suka gano yadda jikin ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ke sanin funfuna ta shige shi, har ya tashi haɗa magani. Daga baya aka ga jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan hanya, aka ba Hoffmann lambar Nobel a 2011.

Sauro ma haka yake. In macen sauro ta sha jinin mai zazzaɓin cizon sauro, jikinta yakan kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar tun suna cikin hanjinta. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne ke hayayyafa su kai ga yawunta, amma waɗannan kaɗan ɗin sun isa su kwantar da yaro. Saboda haka gidan sauro da cike kududdufai ba abin sakaci ba ne.

DABARAR ZAMAN TARE

Ƙudan zuma da gara suna zaune ne a cunkushe, wuri mai ɗumi, inda cuta za ta yi saurin yaɗuwa. Sai suka zama masu tsabta ƙwarai. Ƙudan zuma sukan ɗebo ƙaron itatuwa su liƙe kafofin amya da shi, ƙaron nan kuwa yana hana ƙwayoyin cuta yaɗo. In ɗa ya mutu cikin saƙa, ma'aikata sukan buɗe ramin su fitar da gawar waje. Gara kuma cikin suri sukan lashe juna su share ƙurar funfuna kafin ta tsira, su kuma binne matattunsu.

ZAZZAƁIN FARA

Wannan shi ne abin da ya fi shafar manomi. A 1986 fara ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen bakin hamada, aka fesa guba mai ɗimbin yawa, wadda ta kashe tsuntsaye da ƙwari masu amfani. Saboda haka a 1989 aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA don neman wata hanya. Masanansa suka yi amfani da wata funfuna 'yar'uwar wadda Mechnikov ya bincika, wadda ba ta kama komai sai fara da danginta. Suka gauraya ƙurarta da mai don kada ta bushe, suka gwada ta a ƙasar Nijar da Binin da waɗansu wurare, aka sa mata suna Green Muscle.

To, fara ba ta iya ɗumama jikinta da kanta kamar mutum. In ta ji cutar ta shige ta, sai ta hau kara ta shanya jikinta a rana, har zafinsa ya wuce digiri 40, funfunar kuwa ba ta jure irin wannan zafi, sai girmanta ya tsaya. Watau fara takan jawo wa kanta zazzaɓi da gangan. Amma da dare ya yi, gari ya yi sanyi, sai funfunar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shi ya sa maganin ba ya kashewa nan take kamar guba, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Farar da ta kamu takan rage ci tun kafin ta mutu. Ya fi kyau a fesa shi tun fara tana ɗango, ba ta yi fiffike ba.

ABOKIN MANOMI

Kowa ya san tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana barin layi a murɗe, wadda mutanen Maraɗi ke kira murzuna. Tana da abokin gaba, wani ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Macensa takan harbi tsutsar ta sandare, sa'an nan ta saka ƙwai a bayan jikinta, ba a ciki ba. Ta haka dogaran jinin tsutsar ba su samun damar kewaye ƙwan, 'ya'yan kuma su ƙyanƙyashe su tsotse ta. Tun daga 2006 ma'aikatan binciken gona na INRAN a Maraɗi, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka shiga kiwon wannan ƙwaro cikin 'yan buhunan algarara, ana ratayawa a gonakin ƙauyuka lokacin da gero ya fara fitar da kai. A waɗansu wurare ya hallaka kusan kashi 80 cikin 100 na tsutsar. Guba mai ƙarfi kuwa takan riga kashe shi kafin ta kai ga tsutsar da ta ɓuya cikin zangarniya.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI

Na farko, dagatai da masu unguwa su kai labarin ɗango da zarar an gan shi, malamin hakimi ya rubuta rana da wuri da faɗin gonar, ya aika wa malamin gona.

Na biyu, in an fesa maganin funfuna, a gaya wa jama'a su yi haƙuri, kada su ce bai ci ba don sun ga fara tana tsalle washegari.

Na uku, kada a fesa guba sai da shawarar malamin gona, musamman lokacin da gero da wake ke fure, ko kusa da itacen da aka ɗora amya.

Na huɗu, a hana mata da yara kama farar gonar da aka fesa wa guba don ci ko sayarwa a kasuwa.

Hakimin da ya bayyana wa talakawansa waɗannan abubuwa tun kafin damina ta faɗi ya taimaka wajen cika rumbunan ƙasarsa.