Abin da ya kamata ku sani kafin gyaran tankin mai da ya lotsa

Tun da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri a shekarar 2011, ƙananan tankunan man da suka fi zuwa hannun masu gyara su ne na Keke Napep da na janareta. Janareta kuwa ya ƙara yawa a gidaje da shaguna bayan an lalata turakun layin wutar Damaturu a farkon 2021, Maiduguri ta daɗe cikin duhu. Tankin irin waɗannan injuna falle ne na ƙarfe mara kauri. Ya faɗo daga kan benci, ko a ɗora masa buhu, sai ya lotsa.

Da farko a duba inda lotsawar take. Idan a tsakiyar falle take, fenti bai tsage ba, kuma babu danshin mai, to muni ne kawai, inji zai ci gaba da aiki. Ni dai shawarata a ƙyale shi. Wadda ke buƙatar gyara ita ce wadda ta faɗa kan haɗin tanki, ko bakin murfi, ko gindin famfon mai, ko wadda ta yi karyayyen layi mai kaifi, domin nan ne tsatsa ke kamawa, jijjigar inji ta ƙarasa tsaga wurin.

Haɗarin da ya fi kowanne yana cikin gyaran ne. Mutane na ɗauka in an juye mai, tanki ya zama lafiyayye. Ba haka ba ne. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma kaɗan ya isa: in ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya zai tashe shi. Tururin ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki da cikin haɗe-haɗensa, ko da an bar murfi a buɗe kwana da kwanaki. Don haka kada ku yarda mai walda ya kai wuta ko injin goge ƙarfe jikin tanki don kawai ya sunsuna bai ji wari ba. A cire tankin daga inji, a juye man a fili nesa da murhu da masu shan taba, a wanke da ruwan zafi da garin sabulu har sau da yawa. In walda ta zama dole, gwanaye kan cika tankin da ruwa har kusa da inda za a taɓa, a bar murfi a buɗe.

Yawancin lotsawa ma ba ta buƙatar wuta. Ana zura lanƙwasasshen rodi mai santsin kai ta bakin tanki, a riƙa turowa a hankali daga gefen ramin zuwa tsakiya, ana ɗan bubbuga kewayensa da gudumar roba. Inda rodi bai kai ba, ana manna abin ja da gam daga waje a janyo. Hura iskar mai faci a ciki kuwa, a guje shi ƙwarai. Iska ba ta zaɓen wurin da ya lotsa. Takan kumbura tankin gaba ɗaya ko ta ɓalle haɗinsa a fuskar mai riƙe da shi.

Bayan gyara, a cika da ruwa a ga ko yana yoyo, sannan a shanya shi ya bushe sarai, don ragowar ruwa na toshe kabureta. Sabulun da direbobi ke gogawa a kan ɗan hujin da ke yoyo na iya kai mutum gida, amma ba ya wuce nan, kuma ba kowane gam ne ke jure fetur ba.

Injunan da ruwa ya shanye a ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 suna buƙatar ƙarin lura. A haska cikin tankin da tocila, ba da ashana ba. In tsatsa ta ci ƙasansa, turo lotsawar zai iya huda shi, kuma a nan sayen wani tankin ya fi biyan kuɗin walda.