RUMBUN GANYE

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. A ciki a ke ajiye gero da dawa don su kai mu wata kaka. To, akwai wani irin rumbu dabam, wanda ba hatsi a ke zubawa a ciki ba. Busassun ganyaye a ke ajiyewa, da furanni, da 'ya'yan itatuwa, kowanne an liƙa shi a jikin takarda, an rubuta sunansa. Masana suna kiransa habariyam. Mu kuwa bari mu kira shi rumbun ganye.

Watakila wani ya ce, "Busasshen ganye ai abincin akuya ne, mene ne na ajiye shi?" Ga dalili biyu.

Na fari, itatuwanmu suna ƙarewa. Ku tambayi kowane dattijo a ƙasar Ringim, zai lissafa muku abin da ya taras a daji yana yaro: marke, da ƙirya, da maɗaci, da ɗinya, da kanya, da kaɗanya. Yau sai an yi tafiya kafin a ga waɗansunsu. Gatari ya ci, gonaki sun ci, farin 1973 da na 1984 su ma sun ci nasu. Darbejiya da ta cika garuruwanmu baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta. In itace ya ƙare, tsohon da ya san shi kuma ya rasu, sai sunan ya bi su. Amma ganyen da aka busar da kyau ya kan yi shekara ɗari biyu, har ya fi.

Na biyu, suna ya kan ruɗa mutum. Waɗansu suna kiran zogale bagaruwar Makka, alhali kuwa ba dangin bagaruwar majema ba ne. In maganar magani a ke yi, irin wannan ruɗu yana iya jawo hasarar rai. Saboda haka mai binciken magani a jami'a ba ya fara aiki sai ya kai ganyensa rumbun ganye an gwada shi da na ajiye. Gani ya kori ji.

INA A KE SAMUNSA?

Akwai rumbun ganye a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma a Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda ya fi girma a Nijeriya yana Ibadan, a ma'aikatar binciken gandun daji. An kafa shi a 1942, yana da takardun ganye fiye da 100,000, da yawansu na itatuwan kurmi. A Ingila kuwa akwai na lambun Kew, kusa da Landan, mai takardu kamar miliyan 7.

A cikin na Kew akwai ganyayen ƙasar Hausa. Wani likita mai suna Dalziel ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa a farkon zamanin Turawa. Ya tsinki ganyaye a wurare da dama, har da ƙasar Katagum maƙwabciyarmu, ya aika da su can. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa. Sunayen nan daga bakin Hausawa ya ji su. Ilimin na kakanninmu ne, shi dai ya rubuta, shi ya sa har yau a ke ambatonsa.

YADDA A KE YI

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ga abin da za ku tanada: wuƙa, tsofaffin jaridu, allo biyu na katako, igiya, fensir, da ɗan littafi.

1. Ku yanki reshe wanda bai kai kamu ɗaya ba, mai ganye da fure, ko mai 'ya'ya. Ganye kaɗai ba ya isa shaida. In ƙaramar ciyawa ce, ku tumɓuke ta da saiwarta.

2. Ku lura da lokaci. Gawo da damina ya ke kaɗe ganyensa, sai ku neme shi da rani. Kuka kuwa da damina za ku same ta da ganye.

3. Tun kuna gindin itacen ku rubuta sunansa, da wurin, da ranar, da launin furen, domin launi ya kan canja in ya bushe.

4. Ku shimfiɗa reshen tsakanin jaridu, ku juya ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu. Ku sa tsakanin allunan nan, ku ɗaure tam, ku aza dutse.

5. Ku sake jaridun kullum har ya bushe ƙayau. Da hunturu mako ɗaya ya kan isa. A nan mun fi mutanen kurmi sa'a. Su laima ta yi musu yawa, sai sun haɗa da ɗumin wuta, in ba haka ba ganyen ya yi fumfuna ya ruɓe.

6. Ku liƙa shi a farar takarda mai kauri, ko ku ɗinke shi da zare. Takardar da aka saba da ita tsawonta inci 16 da rabi, faɗinta inci 11 da rabi.

7. A ƙasan takardar, wajen dama, ku kwafe abin da kuka rubuta a daji. Ku ƙara da amfanin itacen, da sunanku.

Wannan rubutu shi ne ran aikin. Ganyen da ba a rubuta inda aka tsinke shi da ranar da aka tsinke shi ba, daidai ya ke da wasiƙa marar adireshi.

ABOKAN GABA

Rumbun ganye yana da abokan gaba uku: ƙwari, laima, da wuta. Ku sa takardun a akwatin ƙarfe mai murfi, ku ɗora shi bisa duwatsu saboda gara, ku riƙa dubawa musamman da damina. A manyan wurare a kan sa sabon ganye cikin firiza kwanaki da dama, sanyi ya kashe ƙwarin da ƙwayayensu.

Wuta kuwa ba ta da magani sai rigakafi. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa a kan rumbun ganye na Balin a Jamus, mafi yawan abin da ke ciki ya ƙone. Don haka masana su kan yanki reshe biyu ko uku na itace ɗaya, su ajiye ɗaya, su aika da saura waɗansu wurare. Da wannan musaya ne ƙaramin rumbu ya ke girma.

SA SHI A KWAMFUTA

Yanzu an sami wata dabara kuma. A kan ba kowace takarda lamba, a ɗauki hotonta, a buga rubutun da ke jikinta a kwamfuta, sa'an nan a sa a intanet. Ta haka ɗalibi yana zaune a Dutse ko Ringim zai iya duba hoton ganyen da ke ajiye a Ingila ta wayar hannunsa. In gobara ta auku, hoton yana nan. Amma fa ba a yar da takardar don an ɗauki hotonta. Ba a sansanar hoto, ba a kuma iya buɗe furen da ke cikinsa a duba.

To, jama'a, ga aiki. Kowane aji ya zaɓi itatuwa goma na ƙauyensa. Ku tafi da dattijo, shi ya faɗi suna da amfani, ku ku rubuta. In kun gama, ku ajiye kashi ɗaya a makarantar garinku, ku kai kashi ɗaya jami'a mafi kusa.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a tsinkar ganye kaɗai?
2. Waɗanne abubuwa a ke rubutawa a ƙasan takarda?
3. Wane itace ne da a ke gani a garinku, yanzu ya yi wuya?