Talbijin da iyafis a iyakar Jibiya: Ba duk mai sheƙi ba ne na gaske

DUK ɗan kallon da ya taɓa bi ta Magama-Jibiya, hanyar da ta miƙe zuwa Ɗan Issa da Maraɗi, ya san yadda kayan kallo ke ɗaukar ido a wajen. An rufe iyakar a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sannan aka buɗe a 2024. Duk da haka samari ba su daina tambayar "'yar Kwatano" mai sauƙi ba. To, amma sauƙin nan ya sha jefa mutane a cikin da-na-sani.

Abu na farko, mutanenmu duk talbijin mai faɗi sunanta "filasma". Alhali filasma ta ainihi manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung sun daina ƙera ta tun 2014. Wadda za a gani a kasuwa yanzu tsohuwa ce, ga cin wuta, ga zafi. Wanda ya dogara da ƙaramin janareto ko sola, LED ce tasa, musamman mai aiki da batir ɗin 12V. Ina amfanin allo ƙato idan ana tsakiyar 'Labarina' janareto ya shaƙe?

Sai batun ƙasar da kayan suka fito. A zamanin kaset, Nijeriya na kan tsarin PAL, Nijar da Faransa na kan SECAM, shi ya sa wasu suka riƙa kallon 'Sangaya' ba kala a akwatin da suka tsallako da shi. Yanzu abin dubawa shi ne rubutun da ke bayanta. Ta Amurka ko Japan mai 110V ko 100V, aka jona ta da wutar nan ba taransifoma, sai dai hayaƙi! A nemi mai 220V zuwa 240V, mai ramin HDMI da na USB, a kuma haɗa da sitabilaiza.

Kada mai saye ya ji kunyar cewa a kunna. Ya sa farin hoto, sannan baƙi, ya duba ko akwai ɗigo ko layi. Ya karanta sunan kamfanin harafi-harafi, don masu jabu harafi ɗaya suke sauyawa. Ya karɓi rasit, saboda shingayen kwastan na hanyar Katsina.

Su kuwa masu kallon 'Izzar So' a waya, nasu rikicin na iyafis ne. Mai toshe hayaniya na gaske, wanda ake rubuta wa ANC, yana da ɗan makirfo da ke jin ƙarar waje ya aika wata da za ta kashe ta. Yana maganin gunjin janareto da na mota, amma bai cika hana jin surutun mutane ba. Wanda aka rubuta wa ENC kuwa muryar mai waya kawai yake tacewa, kuma nan ne ake yi wa yara wayo. Gwajin mai sauƙi ne: a saka shi ba waƙa, a tsaya kusa da injin, a danna maɓallin. In ƙarar ba ta ragu ba, kwali ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100. Ɗan acaɓa kuma, don Allah, ya cire shi kafin ya hau titi.