Tukunyar da ke bayan naira 20

Da wuya ma'aikacin da ke sammako daga Orozo zuwa sakatariya ya dubi bayan takardar naira 20. Matar da ke ginin tukunya a jikinta ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta shiga cibiyar Michael Cardew a Suleja a 1954.

Sana'arta tana raye a Ushafa ta yankin Bwari, inda Bill Clinton ya kai ziyara a 2000, ko da yake roba ta ci kasuwar tulu. Wanda ya je babu masani, sayayya kawai zai yi. Jagora ne zai nuna masa yadda magina ke ɗaga randa da hannu zalla, suna zagaya ta, kafin a yi mata zane a gasa.