Ku Bar Su Su Je Birget Ran Asabar

'Yan'uwana mata, wadda duk ta ratsa Sabon Garin Gusau ran Asabar da la'asar ta ji ganga na tashi daga filin coci, to 'yan matan Birget ne ke maci. Ƙungiyar tsohuwa ce, tun 1893 aka kafa ta a ƙasar Ailan.

Amma fa maci kaɗan ne daga cikin aikin. In an gama sai a zauna bisa benci, manya su biya wa ƙanana Littafi Mai Tsarki da Hausa, a haddace aya, a gwada waƙar Lahadi, wani lokaci a yi ɗinki. Akwai wata yarinya a ajina da ba ta iya buɗe baki ko an kira sunanta. Da aka ɗora mata karatun aya gaban jama'a, mako biyu tana bina da littafi lokacin tara. Yanzu ita ke karanta wa kakarta wasiƙa.

Na san tsoron iyayen Tsafe da Bunguɗu, tunda 'yan bindiga suka addabi hanya. Uwar da ta ce 'yarta ba za ta yi tafiyar dare zuwa taro ba, ta yi daidai.

Wadda ban yarda da ita ba, ita ce mai hana yarinya zuwa cocin unguwa saboda wanki ko talla. A yi wankin da safe mana! In kuwa kuɗin yunifom ne, ki faɗa wa shugabar Zumuntar Mata, ba a rasa wanda ya yi wa wata kaɗan.