Rufi Ya Cika Da Eriya, An Manta Da Tsawa

Duk wanda ya hau bene a Kano ko Kaduna ya dubi rufin gidaje, zai ga dish na DStv da na StarTimes, da dogayen bututun ƙarfe ɗauke da eriyar intanet, da faifan sola. Tun Janairun 2023 da Starlink ya shigo Najeriya, ga nasa farantin shi ma ya sami wuri. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gidajen kallon ƙwallo sun zama sana'a, shagunan kwamfuta ba sa iya yini babu sabis, wutar NEPA kuma sai an gan ta. Kowa sigina yake nema, shi ya sa ake ta ƙara wa bututu tsayi har ya ɗara komai a gidan.

Masu gyaran talabijin sun fi kowa sanin abin da ke biyo baya. Da damina ta kama, sai ka tarar da dikoda da inbata jibge a shagonsu, bakin da waya ke shiga ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonanniyar roba. Mai kayan zai rantse maka tsawa ba ta faɗo gidansa ba, kuma da gaskiyarsa. Tsawa guda takan ɗauko wutar da ta kai amfiya 30,000, ba kuma sai ta taɓa rufinka ba. In ta faɗa kan bishiya ko turken wuta a unguwa, ƙarfin maganaɗisun da ta tayar yakan cusa wuta cikin duk doguwar wayar da ke kusa. Wayar dish da ta sauko daga rufi ta ratsa bango, ita ke kai wannan wuta har falo.

Maigida kan sayi sandar kare tsawa, irin wadda Benjamin Franklin ya fito da ita wajajen 1752, a kafa masa a ƙololuwa, ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali sandar ba korar tsawa take yi ba, tarbar ta take yi ta miƙa wa ƙasa. Ƙa'idar duniya ta IEC 62305 ta nemi wayar jan ƙarfe mai kauri, murabba'in milimita 50, ta sauka ba tare da lanƙwasa mai yawa ba, sannan an so turjiyar ƙasa ta gaza om 10. A nan yanayinmu ke kawo cikas. Bayan wata shida ko bakwai na rani ƙasa ta bushe ƙamas, hadarin farko na Mayu da Yuni kuwa da iska da tsawa yake zuwa tun kafin ƙasa ta sha ruwa. Wato lokacin da aka fi bukatar ramin atin, inda wayar ke shiga ƙasa, lokacin ne ya fi rauni. Masu aikin wuta kan zuba gishiri da gawayi a ramin, abin yana taimakawa, amma gishirin cin ƙarfe yake yi a hankali, ba kuma mai dawowa ya auna. Ga ɓarayin jan ƙarfe da kan yanke wayar daga jikin bango. Sandar da aka raba da wayarta, gara ma babu ita.

A ganina, tushen matsalar shi ne rashin mai ɗaukar alhaki. Mai haɗa wutar gida ya gama ya tafi tun ana gini. Mai saka dish kuɗin sigina aka biya shi. Da hoto ya fito, ya sauke tsani. Babu wanda aka sa ya haɗa bututun eriya da rigar wayar dish da atin ɗin gida wuri guda, ko ya sa na'urar tare wuce-gona-da-irin wuta a daidai inda wayar ke shiga gini. Wani ma sai ya kafa wa eriya nata atin daban, yana ganin ya ƙara kariya, nan kuwa idan tsawa ta sauka bambancin wuta tsakanin ramukan biyu ta cikin dikoda zai bi.

Wayar faiba ta rage wannan haɗari inda ta isa, domin zaren gilashi ba ya ɗaukar lantarki, sai dai unguwannin da ta kai kaɗan ne. Sauran jama'a dabarar cire waya suka riƙe, ita ma rabi ake yi: a zare soket daga bango, a bar wayar dish maƙale a bayan dikoda. Duka biyun ake cirewa, tun hadari na haɗowa, domin da an fara walƙiya taɓa wayar kansa ganganci ne.