Sauya Uwar Allon Kwamfuta: Tun Ran Gini Ran Zane

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana neman wani ɗan ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman furosesa ta zamani: a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama, a ɓangaren AMD kuwa daga Ryzen 2000. Makarantar da ɗakin kwamfutarta ke cike da tsofaffin na'urori za ta iya zaton cewa sayen sabuwar furosesa kaɗai ya wadatar. Sau da yawa ba haka abin yake ba, domin akwai wani allo a cikin akwatin wanda shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Mene ne uwar allo?

Idan aka buɗe akwatin kwamfutar tebur, za a ga wani faffaɗan allo mai ɗauke da siraran hanyoyin tagulla. Shi ne uwar allo, wanda masu gyara ke kira madabod. A kansa ake dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ram, wato ma'adanar wucin gadi da ke riƙe aikin da ake kan yi, da katin hoto, da ma'ajiyar bayanai. Shi ke raba musu wutar lantarki, shi ke kai saƙo daga wannan zuwa wancan. Kowane ɓangare yana da gurbinsa, kuma gurbin yana da siffa da ƙa'ida. Saboda haka wanda ya zaɓi allo yau ya zaɓi irin kayan da zai iya saya nan da shekaru masu zuwa.

Gurbin furosesa

Nan ne aka fi yin asara. A 2015 kamfanin Intel ya fito da gurbin LGA 1151 mai 'yan allurai 1,151, wanda ya ɗauki zubi na 6 da na 7. A 2017 zubi na 8 ya zo da gurbi mai suna iri ɗaya da yawan allurai iri ɗaya, amma tsofaffin alluna ba sa aiki da shi. Ke nan mai kwamfutar zubi na 7 da ke son Windows 11 dole ya sauya allo da furosesa tare. Daga baya LGA 1200 ya zo a 2020 ya ɗauki zubi biyu, LGA 1700 ya zo a 2021 ya ɗauki uku, sannan LGA 1851 ya biyo baya a 2024.

Kamfanin AMD ya bi wata hanya dabam. Gurbinsa na AM4 ya fito a 2016, ya karɓi Ryzen ta farko a 2017, ya ci gaba har zuwa Ryzen 5000 ta 2020. Duk da haka tafiyar ba ta rasa gargada ba. A watan Mayu na 2020 kamfanin ya sanar cewa wasu tsofaffin alluna ba za su ɗauki sabuwar furosesar ba, saboda ƙarancin wuri a ma'adanar BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta. Masu saye suka yi ca, kamfanin ya janye maganar. A 2022 gurbin AM5 ya fito, kuma a 2024 AMD ya ce zai ci gaba da amfani da shi har 2027 ko fiye. Darasin shi ne, kafin a biya kuɗi a tambaya: wannan gurbi yana farkon rayuwarsa ne ko yana ƙarshenta?

Ram da sauran gurabe

Ram iri-iri ce, kuma ba a haɗa su. DDR4, wadda ta shigo kasuwa a 2014, tana aiki da bolt 1.2, DDR5 kuwa da bolt 1.1. Dukansu suna da haƙora 288, amma an yi musu tsaga a wuri dabam-dabam don kada wata ta shiga gurbin wata. Allon AM5 da na LGA 1851 DDR5 kaɗai suke ɗauka. Allon LGA 1700 kuwa akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, ba a samun sauƙin sauya ra'ayi bayan an saya. Allo mai gurabun ram huɗu ya fi mai biyu ba da damar ƙari daga baya.

Gurbin katin hoto ya fi sassauci. Tun da tsarin PCI Express ya fito a 2003 ya maye gurbin PCI da AGP, kowane sabon zubi yana jituwa da na baya. Daga zubi na 3 na 2010 zuwa na 4 na 2017 zuwa na 5 na 2019, saurin yana ninkawa sau biyu a kowane mataki. Sabon kati zai yi aiki a tsohon gurbi, sai dai da saurin tsohon. Haka nan yana da kyau allo ya kasance da gurbin M.2 aƙalla biyu, domin a nan ake dasa ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa.

Girman allo da akwati

A 1995 Intel ya fito da ma'aunin ATX, mai tsawon milimita 305 da faɗin 244, kuma har yau shi ne ginshiƙi. Ƙanensa microATX milimita 244 ne kowane gefe, Mini-ITX kuwa 170. Akwatin ATX yana ɗaukar ƙananan, amma ƙaramin akwati ba ya ɗaukar babba. A nan akwai tarko ga makarantu: yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu suna da allo mai siffar kamfaninsu kaɗai da mahaɗin wuta na musamman. Irin waɗannan sai an sauya akwati da na'urar ba da wuta tare da allon, abin da ke iya kusantar kuɗin sabuwar kwamfuta.

Hattara yayin aiki

Kafin a kwance komai, a kwafe muhimman bayanai a wani wuri, a cire wayar wuta daga bango. Jikin ɗan Adam yana tara cajin lantarki, musamman a bushewar hunturu, kuma tartsatsin da mutum ba zai ma ji ba ya isa ya lalata ɓangare mai tsada. Don haka a riƙa taɓa ƙarfen akwatin, a kama allo ta gefensa. Idan sabuwar furosesa tana buƙatar a sabunta BIOS, kada a fara sai da na'urar ajiye wuta a haɗe, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya hana allon tashi gaba ɗaya. A kuma tuna cewa lasisin Windows da ya zo tare da na'ura yana ɗaure ne da allonta, yana iya neman a sake tabbatar da shi.

Kammalawa

Babu allon da zai dawwama yana karɓar duk abin da aka ƙera. Abin da mai saye zai iya yi shi ne tsawaita amfanin kuɗinsa. Kowane kamfanin allo yana wallafa jerin furosesa da ram da allonsa ke ɗauka, kuma karanta wannan jeri kafin ciniki bai kai minti goma ba. Malamin da ya zaunar da ɗalibansa suka buɗe tsohuwar kwamfuta, suka karanta sunan gurbinta, suka ƙirga gurabun ram, suka lissafa ko gyara ya fi ko sabuwa, ya koya musu kimiyya da tattali a darasi guda.